Mama, da na buɗe Littafi Mai Tsarki sai barci ya kwashe ni

Saƙon da ya shigo wannan satin daga wata ɗiyarmu ce a nan cikin Katsina, na ɗan rage shi:

Mama barka da aiki, ya ƙoƙari. Ni mai ɗinki ce, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, 'ya'yana uku ƙaramar tana nono. Shekara uku kenan duk Janairu sai in ɗau alkawari zan karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, amma ina kaiwa Littafin Firistoci nake tsayawa. Da asuba in na buɗe ko barci ya kwashe ni ko hankalina ya tafi kan kuɗin makaranta da kayan mutane da ban gama ba. Fasto kullum cewa yake mu riƙa bimbini a kan maganar Allah, ni ban ma san yadda ake yi ba, wata 'yar'uwa a zumunta kuma ta ce mani bimbini irin na 'yan Indiya ne, a rufe ido a kori tunani, ba abin Kirista ba ne. Har na fara tambayar kaina anya ni mai bi ce ta gaske?

Ɗiyata sannu, sannu da fama. Saƙonki sau biyu na karanta shi, karon farko sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, kar ki ji haushi ba ke nake ma dariya ba, Littafin Firistocin nan ne, don ni ma nan ya sha kada ni ina da ƙuruciya, kuma in da za a tsaida matan zumuntarmu a ce kowa ta faɗi gaskiya inda alkawarin Janairunta ya mutu, rabinsu wajen kitsen hadaya da dokar kuturta za su nuna maki.

Bari mu yi lissafi tunda ke 'yar kasuwa ce. Littafin da ke hannunmu littattafai 66 ne, surori 1189. In za ki gama cikin shekara sai kin ci sura uku da ɗoriya kullum ba fashi. Farawa sura 50, Fitowa sura 40, kin ga 90 kenan, wato daidai ƙarshen Janairu kike faɗawa Firistoci, ga hunturu ga bargo ga jinjira ta hana ki barci cikin dare. To a ce yaro ya yi zazzaɓi kin yi fashin sati guda, bashin sura ashirin da wani abu ya hau kanki. Wanda ake bi bashi kuma kin san halinshi, in ya hango mai kuɗin canza hanya yake yi. Abin da ya same ki kenan, kin maida Littafin Allah adashi, zubi ya kuɓuce maki, yanzu kina ganinshi bisa tebur kina kauda kai kamar kin haɗu da uwar adashi a Babbar Kasuwa. Ba Allah ya ɗora maki wannan zubin ba, ke kika ɗora ma kanki. Karance Littafi cikin shekara abu ne mai kyau, ina yi yanzu da na yi ritaya 'ya'ya duk sun watse, amma ba shi ne bimbini ba, kuma ba dole ba ne ga mai goyo da ke taka keken ɗinki tun safe har magariba.

Su kansu surorin da kike ƙirgawa ba da su aka rubuta Littafin ba. Wani babban bishop na Ingila, Stephen Langton, shi ya yanka shi sura sura a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai 1551 wani Bafaranshe mai buga littattafai Robert Estienne ya sa su. Don sauƙin nema aka yi, kamar lambar shago a kasuwa. Don haka in kin tsaya tsakiyar sura ba ki karya wata doka ba.

Yanzu ga abin da nake so ki kalla. Kin zauna cikin garin Katsina, ba ki rasa makarantar allo kusa da ku, in ma ba a layinku ba to a hanyarki ta zuwa shago. Ki lura da yaran nan da asuba ko da dare in sun kewaye wuta. Malam ba ya ba yaro littafi guda ya ce je ka karance, 'yan layuka ake rubuta mashi bisa allo, ya zauna yana biyawa da ƙarfi yana rangaji, ya biya ya sake biyawa, kuma ba za a bar shi ya wanke allon ba sai abin ya zauna a kanshi. Addininmu daban nasu daban, amma wannan hanyar ta riƙe karatu ni dai ina girmama ta, kuma ta fi kusa da abin da Littafi Mai Tsarki ke nufi da bimbini a kan wannan gudun famfalaƙin da muke yi da ido shiru muna duba agogo. Mu matsalarmu kullum wanke allo muke yi tawada ba ta bushe ba.

Ki buɗe Joshuwa 1:8 ki gani da idonki, ba a ce ma Joshuwa kada littafin shari'a ya rabu da aljihunka ko idonka ba, bakinka aka ce, ya riƙa bimbini a kanshi dare da rana. Zabura ta 1 aya ta 2 ma haka. Kalmar da ke wurin a Ibrananci, haga, ƙara ce da ke fita a hankali daga maƙogwaro, ita Ishaya ya yi amfani da ita a sura 38 aya 14 don kukan kurciya, a sura 31 aya 4 kuma don gurnanin zaki da ya danne abin da ya kama. Kin taɓa jin kurciya da rana tsaka bisa darbejiya, abu ɗaya take ta maimaitawa ba gaggawa. To shi ne. Ko mutumin nan na Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus jin shi ya yi yana karanta Ishaya cikin karusa, da a zuci yake karantawa da ba wanda zai ji.

Nan kuma amsar 'yar'uwarki ta zumunta take. Gaskiyarta akwai masu zama su rufe ido su kori duk wani tunani har kai ya zama fanko, amma namu ba korar tunani ba ne, cika kai ake yi da magana guda ta Allah a yi ta juya ta. Luka 2:19 ya ce Maryamu ta riƙe abubuwan da makiyaya suka faɗa tana ta juya su a zuciyarta, ita ma fa mai jego ce lokacin. Ishaku a Farawa 24:63 da yamma ya fita saura don ya yi tunani. 'Yan'uwanmu Katolika, da yanzu tun 2023 suke da dayosis nasu, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, a nan Katsina ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, suna da tsohon tsari da wani ɗan zuhudu a Faransa mai suna Guigo ya jera tun ƙarni na 12, a karanta, a yi bimbini, a yi addu'a, a natsu gaban Allah. Abu ne da masu bi ke yi tun kafin kakannin kakanninmu su ji sunan Indiya. Kar ki yi faɗa da ita dai, ki nuna mata Joshuwa ɗin kawai ku karanta tare.

To ya ake yi. Bari in yi maki a gabanki kamar yadda kike koya ma yaran shago yanka. Ki bar Firistoci tukuna, yana nan ba inda za shi, ranar da kika karanta Ibraniyawa za ki koma mashi da wani ido. Ki ɗauki Markus, sura 16 ce kacal kuma labari ne ke bin labari. A ce yau kin zo sura 4 daga aya 35 zuwa 41, inda hadari ya taso masu cikin jirgi. Aya bakwai. Ki karanta a bayyane, ba sai kin tada gida ba, yadda kunnenki zai ji dai. Ki sake karantawa a hankali. Karo na biyu ko na uku wani abu zai riƙe maki zani, ni abin da ya riƙe ni shekarun baya shi ne matashin kai, Markus ya ce Yesu na can ƙarshen jirgi yana barci bisa matashi, Matiyu da Luka sun ba da labarin amma shi kaɗai ya ambaci matashin. Sai na tsaya nan. Wa ya kawo matashi cikin jirgin masunta? Wace irin gajiya ce za ta sa mutum barci ruwa na shigowa jirgi? Ashe ya yini yana koyar da taro, jikinshi ya mutu kamar nawa in na sauko daga aikin dare. Sannan almajiran da suka tada shi ba addu'a mai tsari suka yi ba, cewa suka yi Malam ba ka damu ba za mu hallaka, magana ce ta wanda ranshi ya ɓaci. Kuma bai ƙi tashi ba. Sai na tambayi kaina mi ke cika nawa jirgin yau, na faɗa mashi da sunanshi, lokacin kuɗin jarrabawar babban ɗana ne da albashin da bai shigo ba. Shi kenan fa, minti goma bai cika ba. Na tashi na hura wuta.

Kin ce hankalinki na tafiya kan kuɗin makaranta da kayan mutane. To kar ki bi shi da bulala, duk wanda ya ce maki nashi hankalin ba ya yawo ƙarya yake. In kuɗin makaranta ya shigo ki ce yauwa, zo nan, ki sa shi cikin jirgin, ki ce Ubangiji ga ruwan da ke shigo mani. In leshin Hajiya ne da kika yi alkawarin ranar Alhamis, ki aje biro da 'yar takarda kusa, ki rubuta leshi Alhamis, ki dawo kan ayarki. Sau goma ya tafi sau goma ki jawo shi, kamar akuyar da ta saba da ɓarna, ba a yanka ta don ta tsinke igiya.

Sai babban aikin, wanda ya fi zaman asubar ma, kar ki wanke allon. Layi ɗaya daga abin da kika karanta ki rubuta a ƙyallen takarda ki manna jikin keken ɗinkinki da ɗan salatif, inda idonki ke sauka in kina zare. Aikinki ma ya fi na mutane da yawa dacewa da wannan, hannu na aiki ƙafa na aiki baki a sake yake. Cikin kurkura in kina tafiya shago ki biya ta, in an ɗauke wuta kina jiran a kawo ki biya ta, in kwastoma ta zo ta zazzaga maki masifa a kan hannun riga ta fita, kafin ki kira ƙawarki ki ba ta labari ki biya ta tukuna. Kin ga tsofaffin nan da ke sa ɓarin goro guda a kumatu tun hantsi har azahar, ba su haɗiye ba ba su tofar ba, ɗaci ya wuce zaƙi ya biyo, haka za ki yi da ita. In aya ɗaya ta riƙe ki kwana uku ki bar ta ta riƙe ki, ba wanda ke biyo ki da rajista.

Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa. Ina sabuwar nas ina yawan zuwa Babbar Ruga, asibitin masu cutar kuturta da 'yan mishan na SIM suka riƙe shekaru da yawa, to a nan kusa take zaune, ta warke tuntuni amma cutar ta tafi da yatsunta kuma ido ya yi rauni, ko an ba ta Littafi ba ta iya buɗe shafi, balle ma ba ta taɓa shiga aji ba. Na ishe ta wata rana tana tsince wake a faifai da dungulmin hannunta tana magana ƙasa ƙasa, na ɗauka da jikarta take, na matsa sai na ji Ubangiji makiyayina ne take faɗa, ta tsaya, ta ce nawa, ni ɗin nan, ta tura tsakuwa gefe, ta sake faɗa. Na ce Iya ba ki wuce gaba? Ta ce ina zan je, ban gama da wannan ba. Ni a lokacin ina da Littafi har biyu a gida, na Hausa da na Turanci, na ji kunya ƙwarai. Duk abin da ta sani a kunne ta ɗauka ranar Lahadi, ba zai wuce Zabura biyu uku da 'yan ayoyi ba. Ki tuna cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932 ya fito, aikin su Likita Mila na Zariya da abokan aikinshi, kuma ko bayan ya fito mutum nawa ne a ƙauyukanmu na wajen Malumfashi da Kafur suka iya karanta shi? Iyayenmu mata da waƙa da hadda suka riƙe bangaskiya, suna daka suna biyawa.

Maganar barci kuma bari in cire hular zumunta in sa ta asibiti. Mace mai shayarwa da ta tashi sau uku cikin dare, ta yini a shago, ta dawo ta ɗora tukunya, in ta zauna shiru wuri mai ɗumi barci za ta yi ko Littafi ne a hannunta ko littafin awo, wannan jiki ne ba shaiɗan ba. Zabura 103:14 ta ce ya san yadda aka yi mu, yana tune mu ƙura ne. Kar ki karanta a kwance, kar ki karanta cikin bargo, ki wanke fuska ki fito tsakar gida ki zauna bisa kujera 'yar tsuguno, ko a tsaye ma kina jiran ruwan koko ya tafasa. Kiran assalatu na tada mu duka a garin nan ko muna so ko ba mu so, wasu na amfani da shi a matsayin agogo, Markus 1:35 ma ya ce Yesu da sauran duhu ya fita ya yi addu'a. Amma in asuba ba ta yi maki ba a wannan shekarar ta goyo, ki canza, ba aya ba ce. Ki isa shago minti goma kafin yaranki, ki turo ƙofa, kafin ki ɗaga labule ki yi abinki. In kuma gajiyar ta wuce misali, kina jin jiri ko numfashi na yi maki wuya in kin yi 'yar tafiya, ki je a duba jininki, masu shayarwa da yawa jini ne ke masu ƙaranci suna ta zargin kansu da ragwanci. Haka in baƙin ciki ya zauna maki sati da sati ba ki jin daɗin komi har abinci, ki faɗa ma likita, ki faɗa ma matar fasto, kar ki rufe. Baban yara kuma ki gaya mashi kai tsaye ya riƙe jinjira minti goma, ba zai narke ba.

Waya. Na san akwai Littafin a cikinta har da na sauti da Hausa, kuma na sautin yana da amfani ƙwarai a shago, ki sa sura guda ta yi ta maimaituwa kina aiki. Amma lokacin zaman nan naki ki ɗauki na takarda, in babu ki kashe data tukuna, don ni na gwada, na shiga neman Zabura na tsinci kaina a guruf ɗin 'yan ajinmu ana gardamar ankon biki. Hotunan ayoyi masu furanni da ake turowa a WhatsApp ana cewa ki tura ma mutum goma ki ga abin al'ajabi, ki bar su inda kika gan su.

Abu biyu zan ja maki kunne a kai tunda na ce ki riƙe aya ɗaya. Kar ki maida ita laya, a ce in an biya sau bakwai ciniki zai buɗe ko maƙiyi zai faɗi, Yesu da kanshi ya hana yawan maimaita magana ba ma'ana a Matiyu 6:7, biyawar da nake nufi ta mai tunani ce, kina tambaya kina amsawa kina addu'a. Kar kuma ki riƙa rufe ido ki buɗe Littafi ki dangwala yatsa ki ce ga saƙona na yau, wannan duba ne aka sa ma rigar coci. Ki bi littafi guda a jere, ki san wa ke magana, da wa yake, mi ya zo kafin ayar mi ya biyo baya. Inda ya shige maki duhu ki sa alama da fensir ki tari fasto bayan sujada, aikinshi ne, kuma yawancinsu daɗi suke ji in an tambaye su.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni, wai anya ke mai bi ce ta gaske. Ɗiyata wanda ya mutu ba ya jin yunwa. Da ba ruwanki da maganar Allah da ba ki zauna da jinjira a cinya kin rubuto mani wannan dogon saƙon ba. Ba yawan surori ya cece ki ba, Afisawa 2:8 da 9 na nan, alheri ne ta wurin bangaskiya ba aikinki ba. Kuma ki tuna manna, abincin nan da Allah ya riƙa saukar ma Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16, tunda har can kin kai sau uku, na yini guda aka ce kowa ya tara, waɗanda suka ɓoye na gobe tsutsa suka ishe da safe. A addu'ar Ubangiji ma abincin yini muke roƙo ba buhun shekara ba. Ranar da kika yi fashi ba ranko, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya, ko sati biyu ne, musamman ga ki tela, na san in Sallah ko Kirsimeti ta matso ko kanku ba ku gani.

Ga aikin da na ba ki. Gobe ki fara da Markus 4:35 zuwa 41 ɗin nan, ki zauna a kanshi har Lahadi kar ki wuce, ki ga ko matashin ne zai riƙe ki ko wani abu daban, don akwai wasu jiragen da Markus ya ce suna tare da su a aya 36, ban taɓa jin an yi wa'azi a kansu ba kuma har yau ina tunanin mutanen ciki. Litinin sai ki koma sura 1 ki taho a hankali. Bayan sati biyu ki rubuto mani abin da kika manna jikin keke. Ki gaida Baban yara, ki shafa mani kan 'yar autar.